Ba Kishin Lai'atu da Rahila Ne Ya Jefa Yusufu a Rijiya Ba

Duk wanda ya saba zama a taron Zumuntar Mata ko wa'azin ɗaurin aure a majami'un da ake sujada da Hausa ya san yadda ake kawo labarin Lai'atu da Rahila. Gargaɗi ake yi wa mata da shi: ku dubi abin da kishi ya yi wa ya da ƙanwa, ku dubi yadda ya bi jinin 'ya'yansu har suka sayar da ɗan'uwansu. Sai a ƙarasa da cewa kishi kumallon mata ne, a ce su yi haƙuri su kama bakinsu. Maza kuwa a tashi taro ba a ce musu uffan ba.

Ni a ganina wannan karatu zalunci ne ga matan da ke cikin labarin, kuma bai yi wa nassin adalci ba. Littafin Farawa daga sura 29 zuwa 50 bai ɓoye kishin matan ba. Amma duk inda ya nuna kishi, ya riga ya nuna wanda ya haddasa shi, kuma kusan kullum uba ne ko miji.

A fara da yadda aka yi auren. Yakubu ya yi wa kawunsa Laban kiwo shekara 7 a bakin sadakin Rahila. Daren kai amarya Laban ya kai masa Lai'atu. Da gari ya waye asiri ya tonu, hujjar Laban ita ce a garinsu ba a aurar da ƙanwa a bar ya. In da gaske al'ada ce ta dame shi, yana da shekara 7 cur da zai faɗi haka, bai faɗa ba. Ya ce Yakubu ya cika mako guda na bikin Lai'atu, sannan a ba shi Rahila a kan wasu shekara 7. Wato amarcin Lai'atu kwana bakwai ne kacal, aka shigo mata da kishiya, kishiyar kuma ƙanwarta ce. A duk cinikin nan ba a ji muryar ko ɗaya daga cikin 'yan matan ba. Wanda ya ci riba shi ne Laban, da ya samu makiyayi na shekara 14 ba tare da ya biya lada ba.

Daga ranar aka san mowa, aka san bora. Nassin bai yi kwana-kwana ba, ya ce Yakubu ya fi ƙaunar Rahila, ya kuma ce Ubangiji ya ga ana ƙin Lai'atu. Wanda yake so ya san halin da take ciki ya saurari abin da take faɗa duk lokacin da ta sauka. Da ta haifi Ra'ubainu ta ce Ubangiji ya dubi wahalarta, yanzu kam mijinta zai ƙaunace ta. Da ta haifi Saminu ta ce Ubangiji ya ji ana ƙinta. Da ta haifi Lawi ta ce wannan karon mijinta zai manne mata, tun da ta haifa masa 'ya'ya maza uku. Haihuwa uku, ba ta ambaci ƙanwarta da mugunta ko sau ɗaya ba. Miji take nema. Sai a na huɗu, Yahuza, ta daina ambaton mijin, ta ce wannan karon Ubangiji za ta yaba. Yaran nan sun tashi suna amsa sunayen da ke ɗauke da kukan uwarsu, ana kiransu da su safe da yamma a tsakar gida.

Rahila kuma tana da miji, ba ta da ɗa. A nan ne nassin ya ce ta yi kishin 'yar'uwarta, ta ce wa Yakubu ya ba ta 'ya'ya ko ta mutu. Yakubu ya husata ya ce shi ba Allah ba ne. Maganarsa gaskiya ce, amma a gwada ta da abin da mahaifinsa ya yi. Ishaku ya auri Rifkatu yana shekara 40, ba ta haihu ba sai da ya kai 60, kuma Farawa 25:21 ta ce ya roƙi Ubangiji saboda matarsa. Ba a rubuta cewa Yakubu ya yi wa Rahila irin wannan roƙo ba.

Bai kamata a ɗauki neman ɗa namiji a zamanin nan a matsayin son burga ba. Gādo ta hannun 'ya'ya maza yake bi, macen da mijinta ya mutu ba ta da ɗa kuwa ba ta da tudun dafawa. Shi ya sa matar da ba ta haihu ba take ba mijinta kuyangarta ta haifa mata. Al'adar sananniya ce a ƙasar Mesofotamiya, har dokokin Hammurabi, sarkin Babila na ƙarni na 18 kafin haihuwar Almasihu, sun yi magana a kan kuyangar da ta haifa wa maigida 'ya'ya sannan ta fara daidaita kanta da uwargijiyarta. Rahila ta ba da Bilha, Lai'atu ta ba da Zilfa, kowacce ta haifi maza biyu. Waɗannan mata biyu su ne suka fi kowa shan wuya a gidan, kuma su ne masu wa'azi suka fi mantawa. Ba a rubuta kalma ɗaya da ta fito daga bakinsu ba, ko sunan 'ya'yan da suka yi naƙudarsu ba su suka raɗa ba.

Akwai wani ɗan labari a Farawa 30:14-16 da ake yawan karantawa ana murmushi, alhali abin kuka ne. Lokacin girbin alkama Ra'ubainu, yana yaro, ya samo manta'uwa a saura, tsiron da mutanen zamanin suke ɗauka yana taimakon haihuwa, ya kawo wa uwarsa. Rahila ta roƙa. Lai'atu ta ce, ƙwace mijina da kika yi bai isa ba, sai kin haɗa da manta'uwar ɗana? Suka daidaita a kan Rahila ta karɓi tsiron, Yakubu ya kwana ɗakin Lai'atu a daren. Da yamma Lai'atu ta tare shi a hanyar dawowa daga saura ta ce ɗakinta zai shiga, domin ta yi ijararsa. Matar aure, uwar 'ya'ya maza huɗu, sai da ta biya kafin ta samu kwananta. Rabon kwana ba a hannun kishiya yake ba, a hannun maigida yake. In har kwanan ya koma hannun Rahila, Yakubu ne ya miƙa mata. Kuma yaron da ya kawo tsiron yana nan, yana da kunne.

Sau ɗaya tak nassin ya nuna 'yan'uwan nan biyu suna magana da murya ɗaya, a Farawa 31:14-16, lokacin da Yakubu ya kira su saura ya nemi shawararsu kan barin Laban bayan shekara 20. Amsar da suka ba shi ita ce ba su da sauran rabo ko gādo a gidan ubansu, ya ɗauke su kamar baƙi, ya sayar da su, ya cinye kuɗin. Su da kansu sun san inda ciwon ya samo asali, sun kuma faɗa. Ban ga dalilin da zai sa mu da muke karantawa mu ƙi jin shaidarsu ba.

Yanzu a koma kan yaran. Ayoyi biyu na farkon sura 33 sun isa su bayyana sura 37 gaba ɗayanta. Yakubu ya hango wansa Isuwa tafe da mutum 400, yana tsoron za a auka musu. Sai ya jera iyalinsa. Kuyangin biyu da 'ya'yansu a gaba. Lai'atu da nata a bayansu. Rahila da ɗanta Yusufu can ƙarshe, inda takobi zai isa a makare. Gaskiya ne shi kansa ya wuce gaba da su duka, wannan jarumta ce. Amma Dan da Naftali da Gad da Ashiru da ke sahun gaba sun waiwaya sun ga inda aka ajiye Yusufu. Babu uwar da take bukatar ta zuga ɗanta bayan wannan rana. Uban ya auna musu darajar kowa da idonsu, a ranar da suke ganin mutuwa ce ke zuwa.

Sura ta gaba ta ƙara gishiri. Aka ci zarafin Dinatu, 'yar Lai'atu, a Shekem. Yakubu ya ji, ya yi shiru har 'ya'yansa suka dawo daga kiwo. Saminu da Lawi, 'yan ɗakinsu, suka yi ramuwar da ta wuce gona da iri, suka karkashe mazan garin ta hanyar yaudara, abin da babu mai kare shi. Amma faɗan da Yakubu ya yi musu a kan sun jawo masa baƙin jini da hatsari a ƙasar ne, bai ambaci Dinatu ba. Su ne suka ambace ta. A gwada wannan shiru da makokin da ya yi wa Yusufu, da ya kece tufafinsa ya ƙi ta'aziyya ya ce da baƙin ciki zai shiga kabari.

Da aka zo sura 37, bisa jerin surorin Rahila ta riga ta rasu wajen haihuwar Biliyaminu a hanyar Efrata. Ba a ambaci sunan Lai'atu a surar ba ko sau ɗaya. Babu macen da ta yi magana, babu wadda ta kitsa wani abu. Abin da ke ciki shi ne Yusufu ɗan shekara 17 yana kai wa uba rahoton laifin 'yan'uwansa, uban ya ɗinka masa riga ta musamman shi kaɗai, kuma aya ta 4 ta faɗi dalilin ƙiyayyar ƙarara: sun ga ubansu ya fi ƙaunarsa. Yakubu ya san da ƙiyayyar, duk da haka ya aike shi shi kaɗai, tafiyar kwanaki daga kwarin Hebron zuwa Shekem, ya dubo su ya kawo masa labari. Waɗanda suka hana a kashe shi kuwa, Ra'ubainu da Yahuza, dukansu 'ya'yan Lai'atu ne. In da nonon bora ne ya shayar da su gaba, da su za su fara zare wuƙa.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne uban bai sake ba ko bayan wannan. Shekaru fiye da 20 daga baya, Saminu yana tsare a Masar, aka ce sai an kawo Biliyaminu za a sake shi. Yakubu ya dubi 'ya'yansa tara da suka dawo ya ce ɗansa ba zai tafi ba, ɗan'uwansa ya mutu, shi kaɗai ya rage. Shi kaɗai, a gaban mutum tara da ya haifa. Yahuza ma da yake roƙo a gaban Yusufu, wanda ya zama mai mulki a Masar, ya maimaita maganar uban cewa matarsa ta haifa masa 'ya'ya biyu, kamar dai Lai'atu ba mata ba ce. Da wannan magana a bakinsa ya ce a riƙe shi bawa a madadin Biliyaminu, don kada baƙin ciki ya kashe tsohon. Ɗan bora ne ya ba da kansa fansar ɗan mowa.

Za a ce to Rifkatu fa, da Saratu, da Feninna? Ba na wanke su. Rifkatu ce ta dafa 'yan awaki biyu, ta naɗe hannuwan Yakubu da wuyansa da fatarsu, ta sa masa tufafin Isuwa, ta yaudari mijinta makaho. Laifi ne, ta kuma biya, domin ta ce wa ɗanta ya yi 'yan kwanaki wurin Laban a Haran, ya yi shekara 20, ba a kuma rubuta sun sake ganin juna ba. Amma Farawa 25:28 ta raba laifin biyu tun farko: Ishaku yana ƙaunar Isuwa saboda naman farauta, Rifkatu tana ƙaunar Yakubu. Kuma Ishaku ne ya kira Isuwa shi kaɗai zai sa masa albarka ba tare da ya tara gidan ba. Saratu ce ta kawo shawarar mijinta Ibrahim ya ɗauki kuyangarta Hajaratu, ita ce kuma ta ƙuntata mata har ta gudu da ciki, sai dai da rigimar ta zo gaban maigida, amsarsa ita ce kuyangarki tana hannunki, yi mata yadda kika ga dama. Feninna ta yi wa kishiyarta Hannatu gorin haihuwa shekara da shekaru, a daidai ranar rabon naman hadaya a Shilo. Mijinsu Elkana ya lallashi Hannatu da cewa ai ya fiye mata 'ya'ya goma, amma ba a rubuta ya taɓa tsawata wa mai gorin ba. A duk gidajen nan uku mace ta yi laifi, a duk ukun kuma mai ikon hanawa yana zaune.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce Shari'ar Musa. Doka takan fuskanci wanda take ganin abin yana hannunsa ne, kuma dokokin da suka shafi irin gidan Yakubu duk namiji suke yi wa magana. Littafin Firistoci 18:18 ya hana mutum ya auri 'yar'uwar matarsa ta zama kishiyarta muddin matar tana da rai, hanin da Alƙur'ani ma ya zo da irinsa a Suratun Nisa'i aya ta 23. Fitowa 21:10 ta ce wanda ya ƙara aure kada ya rage wa ta farko abinci, ko sutura, ko hakkinta na aure. Maimaitawar Shari'a 21:15-17 kuwa kamar da gidan Yakubu a gabanta aka rubuta ta: mutum yana da mata biyu, yana ƙaunar ɗaya yana ƙin ɗaya, ɗan farinsa kuma na wadda ake ƙi ne. Ranar rabon gādo ba shi da ikon ya ɗauki hakkin ɗan fari ya ba ɗan mowa. Ɗan fari yana da kashi biyu, wato in 'ya'ya maza uku ne a raba dukiya huɗu ya ɗauki biyu. Babu dokar da ta ce wa bora ta daina jin zafi. An ɗaure hannun mijin ne.

Inda aka yi sakaci, labaran da suka biyo baya sun nuna sakamakon. 'Yan uban Yefta sun kore shi daga gādo don uwarsa daban ce. Abimelek, ɗan ƙwarƙwarar Gidiyon, ya hallaka 'yan ubansa a kan dutse guda. Amnon ya ci zarafin Tamar, 'yar ubansa, sarki Dawuda ya ji ya husata ƙwarai amma bai hukunta ba, bayan shekara 2 Absalom, wanda suke ɗaki ɗaya da Tamar, ya sa aka kashe Amnon. A ɗaya gefen kuma akwai 'ya'yan Zelofehad mata biyar a Littafin Ƙidaya sura 27, waɗanda suka tsaya tare a gaban Musa da shugabanni suka nemi gādon ubansu da ya mutu ba ɗa namiji, aka ce suna da gaskiya, aka mai da shi doka. Mata biyar 'yan gida ɗaya, ana maganar ƙasa, ba a ji kansu ba, domin babu wanda ya sa su takara.

Ikkilisiya ba ta ɗaura aure na biyu a kan na farko, shi ya sa wasu ke ganin wannan ba matsalarmu ba ce. Amma gidajen Kirista a Arewa cike suke da 'yan uba. Akwai wanda matarsa ta rasu ya sake aure, akwai wanda ya shigo bangaskiya da mata biyu ko uku, akwai ɗan da aka haifa a waje, akwai agola. Kuma inda abin yake lalacewa sananne ne. Kuɗin makaranta ne kan gaba: 'ya'yan ɗaki ɗaya a makarantar kuɗi, na ɗaya ɗakin a ta gwamnati, uban yana cewa samu ne ya ƙaru daga baya. Ko da gaskiyarsa, yaron da aka bari a baya ba haka zai karanta ba, sai in an zaunar da shi an yi masa bayani an kuma rama masa ta wata hanya da zai gani. Sai ɗinkin Kirsimeti da ake yi wa wasu a kan lokaci, wasu a ce su jira. Sai mayar da yaro ɗaya ɗan rahoto a kan sauran, wanda shi ne mafi saurin jawo masa baƙin jini, kuma uba ne ke ɗora masa. Uban da yake son sanin halin 'ya'yansa ya tambayi kowanne da kansa.

Zancen haihuwa ma haka. Har yau mace ce ake kai wa asibiti da gidajen addu'a ita kaɗai, dangin miji suna mata gori, alhali likitoci sun tabbatar matsalar kan iya kasancewa daga namiji, kuma gwajin maniyyi ya fi yawancin gwaje-gwajen mace sauƙi da araha. Wadda ta jera 'ya'ya mata ana zarginta, bayan kuwa daga ƙwayar namiji ake samun jinsin jariri. Mijin da ya bar uwarsa da ƙannensa mata suna yi wa matarsa wannan gori, ya tsaya a lallashi cikin ɗaki, bai wuce inda Elkana ya tsaya ba. A gaban masu gorin ake kare mace.

Yakubu ya yi shekara 17 a Masar tare da 'ya'yansa duka, an yi kuka an rungumi juna tun farkon zuwansu. Duk da haka Farawa 50:15 ta ce da uban ya mutu, abin da ya fara zuwa zuciyar 'yan'uwan shi ne watakila yanzu Yusufu zai rama. Zaman lafiyar da ran uba kaɗai ke riƙe da shi haka yake, kuma duk dattijon da ya taɓa zaman rabon gādo ya ga irinsa tun ba a tashi daga makoki ba. Don haka mai 'ya'ya daga ɗaki fiye da ɗaya ya tara su duka tun yana da ƙarfinsa, da iyayensu mata a zaune, ya faɗi gonar wa ce, gidan wa ne, har da rabon 'ya'ya mata, tun da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke a 2014 cewa al'adar da ke hana 'ya mace gādon ubanta ta saɓa wa tsarin mulki. Sannan ya rubuta wasiyya ya sa hannu a gaban shaidu biyu da suke wurin a lokaci guda, kuma kada shaidun su kasance cikin masu cin gādon, don kada a rushe rabonsu a kotu.